Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga wakilan Najeriya a tarukan sauyin yanayi, daga wani ɗan tsibiri

Assalamu alaikum wa rahmatullahi.

Masu girma ministoci da 'yan majalisa da manyan ma'aikatan gwamnati, da duk wanda ake rataya wa katin Najeriya a wuya idan lokacin taron sauyin yanayi na Majalisar Ɗinkin Duniya ya kewayo, ina miƙa muku gaisuwar ban girma. Da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku. Allah ya taya ku riƙo.

Ni malamin makaranta ne, labarin ƙasa nake koyarwa a wata sakandare a nan Abuja. Amma ba a nan aka yanke mini cibiya ba. A tumbu aka haife ni, wato ɗaya daga cikin tsibiran Tafkin Chadi, tafiyar 'yan sa'o'i a jirgin inji daga Doron Baga. Kakana daga ƙasar Argungu ya taso da komarsa, ya bi labarin kifi har ya dangana da tafkin, ya zauna cikin Buduma da Barebari da Jukunawa da mutanen Mali, aka yi auratayya aka zama dangi. Da yawun irinmu nake wannan rubutu: masunta da masu banda da dillalan kifi da rikici ya watsa, yau suna Karmo da Gwagwa da Dei-Dei da Mararaba, wasu suna dakon kwali a kasuwar kifi ta Kado, wasu gadi, wasu tura baro. Ba mu da ƙungiya mai rajista, ba mu da ofis. Suna da biki da jana'iza ke haɗa mu, kuma a wurin wani zaman makoki ne dattawanmu suka ce tunda ni ne mai alƙalami, in rubuta muku.

Ga abin da ya tayar da maganar. Kwanakin baya na je Kado gaida kawuna. Na same shi a kan benci ya ɓare tarwaɗar banda gida biyu yana nuna wa wata mata cikinta don ta tabbatar ba ƙwaro. Da ta biya ta tafi, na ciro waya na nuna masa wani bidiyo da nake nuna wa ɗalibaina kowace shekara: Simon Kofe, ministan harkokin wajen Tuvalu na lokacin, wata ƙaramar ƙasar tsibirai a tekun Fasifik, sanye da kwat, ya naɗe ƙafar wando, yana tsaye cikin teku ruwa har gwiwa, yana aika jawabi ga taron Glasgow na 2021. Kawu ya goge hannu a gefen riga, ya karɓi wayar ya kanne ido ɗaya.

"Kai ɗan nan, wannan minista ne na gaske, ko wasan kwaikwayo ne?"

Na ce, "Na gaske ne, Kawu. Ƙasar tasu duka ba ta wuce mutum 11,000 ba, kuma teku na cinye ta."

Ya ce, "Ai ko Doro ranar kasuwa ta fi su jama'a." Ya yi shiru, ya miƙo mini wayar. "Amma ka ga su sun sami mai shiga ruwa dominsu. Mu fa?"

Wannan "mu fa" ita na kawo muku.

Kokenmu na farko shi ne yadda kuke ɗaukar tafkinmu ku yi ado da shi a farkon jawabi, sannan ku ajiye shi sai wani taron. Kusan duk wanda ya hau mumbari da sunan ƙasar nan sai ya ce Tafkin Chadi ya ƙafe da kashi 90 cikin 100. Lissafin yana da tushe. A farkon shekarun 1960 faɗin ruwan ya kai murabba'in kilomita 25,000, farin shekarun 1970 da 1980 ya mayar da shi wajen 2,000. Amma wannan labarin zamanin ƙuruciyata ne. Tun daga shekarun 1990 ruwan ya riƙa dawowa, wani a fili wani a ɓoye ƙarƙashin ciyawa, kuma a 2022 da 2024 ambaliya ce ta cinye gonakin mutane a kewayen tafkin. Duk wanda ya kwana a tumbu ya san tafkin nan tafiya yake yi ya dawo. Kogin Shari ne ke kawo mafi yawan ruwansa daga kudu, shi ya sa cikar ba ta iso mana sai damina ta ɗauke, sanyi ya fara shigowa. Idan ruwa ya janye mu bi bayansa mu shuka masara da wake a danshi, ba taki ba ban ruwa. Mutum ɗaya masunci ne wata huɗu, manomi wata huɗu, sauran watannin ya yi kiwo ko fatauci. Abin da ya lalace shi ne lissafin. A da dattijo kan dubi launin ruwa da zuwan tsuntsaye ya ce cikar bana za ta kai gindin bishiya kaza, kuma ta kai. Yanzu wanda ya shuka inda ubansa ya shuka zai iya wayar gari gonarsa ta zama wurin jefa birgi.

Kada ku ɗauka gardamar lissafi ce kawai ta malamin makaranta. Wanda aka ce ciwonsa ƙafewa ne, maganin da za a nemo masa shi ne jawo ruwa. Shi ya sa a Fabrairun 2018 aka yi gagarumin taro a nan Abuja aka rungumi shirin Transaqua, na haƙo hanyar ruwa mai tsawon kilomita fiye da 2,000 daga yankin kogin Kongo. Har yau ko cebur ɗaya ba a kafa ba. Mun kuma ga aikin noman rani na Marte, wanda aka buɗe a ƙarshen shekarun 1970, ruwa ya janye ya bar magudanansa a bushe. Ana can ana mafarkin tiriliyoyi, ƙananan abubuwan da za su tsare rai da dukiya babu mai ambatonsu: sanarwar tsayin ruwan Shari a rediyo da Hausa da Barbarci makonni kafin ya iso, share hanyoyin jirgi da ciyawa ta toshe, makaranta da asibitin da za su iya tashi idan gari ya tashi.

Ƙananan ƙasashen tsibirai ba su yarda wani ya ba da labarinsu a madadinsu ba, kuma wannan ne sirrinsu. A 1990 suka haɗa kai suka kafa ƙawancen AOSIS, yau ƙasashe 39 ne. A 1991 Vanuatu ta gabatar a madadinsu cewa a kafa wani asusu na biyan asarar da hauhawar teku za ta jawo. Aka yi musu kunnen uwar shegu shekara 31, ba su fasa ba, sai a Sharm el-Sheikh a 2022 aka amince da asusun asara da ɓarna. Iyakar ɗumamar duniya ta digiri 1.5 da ke cikin yarjejeniyar Paris ta 2015, nacinsu ne ya shigar da ita. Dukkansu a haɗe, hayaƙin da suke fitarwa bai kai kashi 1 cikin 100 na duniya ba. Mu mun san tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. A nan wanda bai ja ba ne yake jiƙewa.

Koke na biyu ya fi ci mana rai, don haka zan daɗe a kansa. Tashin mutanen tsibiri iri biyu ne: akwai wanda aka tambaye su kafin a tashe su, akwai wanda aka loda su kamar buhuna. Tarihin na biyun ya fi tsawo. Mutanen Banaba, bayan an haƙe tsibirinsu an kwashe ma'adinin fosfet da ake takin zamani da shi, a 1945 Ingila ta kai su tsibirin Rabi a Fiji, jikokinsu suna can har yau. A 1946 Amurka ta kwashe mutum 167 daga Bikini, cikin tsibiran Marshall, aka ce na ɗan lokaci ne. Gwajin makaman nukiliya 67 aka yi a tsibiran Marshall zuwa 1958, kuma har yau Bikini ba ta zaunu ba. Mutanen Chagos, daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 1973, aka kwashe su kaf aka zube a Mauritius da Seychelles don a gina sansanin soja a Diego Garcia. A 2019 Kotun Duniya ta ce wajibi ne Ingila ta saki tsibiran, a Mayun 2025 aka sa hannu kan yarjejeniya da Mauritius, amma da yawa daga 'yan Chagos ɗin kukansu shi ne ko a wannan karon ma ba a zauna da su ba.

Idan ina karanta wa ɗalibai wannan tarihi muryata kan so ta karye, don na san shi a gida. A 2015, bayan abin da ya faru a Baga cikin Janairu da harin tsibirin Karamga cikin Afrilu, aka ba mazauna tsibiran ɓangaren Nijar wa'adin 'yan kwanaki su fice. Gwaggona tana cikinsu. Ta bar kifi a kan banda wuta na ci, ta bar akuyoyi a ɗaure don tana zaton kwana biyu za a yi. A ƙasa suka taka zuwa N'guigmi cikin zafin bazara, ta ce ta ga uwa tana jiƙa bakin zane da ragowar ruwan buta tana matsa wa jariri a baki. Ba kowa ya isa ba. Ba mu raina jinin sojojin da ya zuba a tafkin nan ba, kuma mun san waɗanda suka jawo musibar. Amma an fi shekara goma yanzu, kuma a cikinmu nan babu wanda aka taɓa kira aka ce: in an sami lafiya, ina kuke so ku koma, a kan wane sharaɗi, wa ke da wane mashigin su? Wasu sun gaji sun koma da kansu. Suna biyan haraji ga masu bindiga kafin su jefa koma, su sake biya a shingaye kafin kwali ya iso Maiduguri, kuma duk wanda aka gani ya fito daga ruwa kallon tuhuma ake masa.

Ku dubi ɗaya hanyar. Anote Tong, shugaban Kiribati na lokacin, a 2014 ya sayi fili a tsibirin Vanua Levu na Fiji, ya kuma dage a koya wa matasa sana'ar da za su ci abinci da ita a ƙasar waje, don in tafiya ta kama su tafi da mutuncinsu. Wanda ya gaje shi a 2016 ya zaɓi a zauna a gyara gida. Ko wanne ya fi gaskiya, su suka yi gardamarsu a akwatin zaɓe. Tuvalu kuwa a 2023 ta gyara kundin tsarin mulkinta ta rubuta cewa ƙasa ce har abada ko da teku ya rufe ta, kuma a Nuwamban shekarar ta ƙulla yarjejeniyar Falepili da Ostireliya: mutum 280 kowace shekara za su iya komawa can da izinin zama da aiki da karatu, su dawo gida lokacin da suka so. Da aka buɗe ƙuri'ar farko a 2025, dubbai suka shiga. Ba zan yi muku ganin kitse ga rogo ba. Yarjejeniyar ta ba Ostireliya bakin magana a duk wata hulɗar tsaro da Tuvalu za ta ƙulla da wata ƙasa, kuma ƙasar da ke rasa mutum 280 a shekara daga cikin 11,000, malaman asibiti da na makaranta ne za su fara tafiya. Amma a rubuce take, an yi ta tun ruwa bai kai wuya ba, kuma mai tafiya ya san matsayinsa.

Mu takarda ce ta kashe mu. Lokacin da ruwa ya janye a shekarun 1980, masuntan Najeriya suka bi shi gabas suka kafa garuruwa irin su Darak. Masunci ba ya ganin layin iyaka a kan ruwa, kifi yake gani. A 10 ga Oktoban 2002 Kotun Duniya ta yanke hukuncin da kowa ke tunawa da shi saboda Bakassi, amma ya haɗa da mu: a ƙarshen 2003 aka miƙa wa Kamaru ƙauyuka sama da 30 a yankin tafkin. Ɗan yayata a ɗaya daga cikinsu aka haife shi. Da ya ci jarrabawar shiga jami'a aka nemi takardar shaidar ƙaramar hukuma, na raka shi wani ofishi. Ma'aikacin ya bi jerin sunaye da bakin biro har ƙasa, ya sake bi, ya ɗago.

"Malam, garin nan ba ya cikin takardarmu."

Na ce, "Ranka ya daɗe, lokacin da aka haife shi yana ciki. Tutar Najeriya ce a makarantar garin."

Ya ce, "To ku je inda garin yake yanzu su ba ku."

Bai yi mana tsawa ba, har ruwa ya sa aka kawo mana. Yaron ya rasa gurbin shekarar, zuciyarsa ta mutu, yanzu siminti yake saukewa a Dei-Dei. Irinsa suna da yawa, kuma na tabbata 'yan Bakassi da aka ce za a tsugunar suna da nasu labarin.

Shi ya sa abin da ya faru a Heg, mazaunin Kotun Duniya, ranar 23 ga Yulin 2025 ya shafe mu kai tsaye. Ɗaliban shari'a ne na jami'ar kudancin Fasifik suka fara maganar a aji a 2019, Vanuatu ta ɗauka ta kai Majalisar Ɗinkin Duniya, a Maris 2023 aka amince a tambayi Kotun Duniya. Kotun ta ce kare yanayi wajibi ne a kan ƙasashe bisa doka, wanda ya saɓa ana iya bin sa diyya, kuma ƙasar da ta riga ta kafu ba lallai ta rasa matsayinta ba don wani ginshiƙinta, kamar ƙasar takawa, ya ɓace. Wato mutane suna nan a matsayin al'umma ko da wurin zamansu ya nutse. 'Yan makaranta ne suka jawo wannan. Na so a ce an fassara shi an karanta a gidajen rediyonmu, an kuma tambayi abin da yake nufi ga Ayetoro ta jihar Ondo da teku ke ci gida-gida, da garuruwanmu da ke bayyana su ɓace.

Na uku, zumunci. A taron Dubai na 2023 sunaye 1,411 aka rubuta a ƙarƙashin Najeriya, gwamnati ta ce 422 ta ɗauki nauyi. Ba zan shiga gardamar kuɗin jirgi ba, an riga an yi ta. Abin da ya tsaya mini shi ne ranar rufewa. Shugaban taro ya buga guduma aka amince da matsaya alhali wakilan ƙananan tsibirai ba su shigo zauren ba, suna can suna daidaita bakinsu. Anne Rasmussen ta Samoa ta tashi ta faɗa a fili cewa ba sa nan aka yanke. Aka miƙe aka tafa mata, amma guduma ta riga ta sauka. Ƙasar da ke kiran kanta uwa ma ba da mama a Afirka, da mutum sama da dubu a wurin, ai tana da bakin da za ta ce a dakata 'yan'uwa su shigo.

Kuma 'yan'uwan ba nesa suke ba. Sao Tome da Principe tana nan kudu da gaɓarmu, jama'arta ba su kai na wata unguwa a Kano ba. A 2001 muka ƙulla yarjejeniyar haƙar mai a ruwan da ke tsakaninmu, 60 namu 40 nasu, kuma hedikwatar hukumar tana nan Abuja. A Yulin 2003 shugabansu Fradique de Menezes yana Abuja sojoji suka yi masa juyin mulki, Shugaba Obasanjo ya raka shi gida da kansa bayan mako guda. Ga Cape Verde a cikin ECOWAS, ga Guinea-Bissau da tsibiran Bijagos, ga Comoros da Mauritius da Seychelles a gabas. Tun 1987 muke tura malamai da likitoci ƙasashen Afirka da Karibiyan da Fasifik a ƙarƙashin shirin taimakon ƙwararru. Su ma sun ba mu: Darnley Alexander, babban jojin Najeriya daga 1975 zuwa 1979, haifaffen tsibirin Saint Lucia ne. Muna zuwa musu a matsayin babban yaya mai bayarwa, ba mu taɓa zuwa da littafin rubutu ba.

Alhali akwai abin koyo, mai daɗi da mai ɗaci. Maldives, ƙasar Musulmi ce, ta zaɓi ta cike teku ta gina tsibirin Hulhumale ta ɗaga shi sama da sauran, da kuɗin baƙi masu yawon buɗe ido da kuma bashi. Da korona ta tsayar da jirage a 2020 tattalin arzikinta ya faɗi da kusan kashi ɗaya cikin uku. Seychelles ta sami sauƙin bashi bisa alkawarin kare kashi 30 cikin 100 na ruwanta. Cape Verde 'ya'yanta na waje sun fi na gida yawa, kuma ta mai da su jari, ba ta ɗauke su ɓatattu ba. Wannan ta ƙarshen ita ta fi kama da mu. Kuɗin da 'yan Kado da Mararaba ke turawa ta waya shi ke riƙe da gidaje da dama a Monguno da Maiduguri.

Amma wadda nake tsoro ita ce Nauru. Tsibiri ne mai murabba'in kilomita 21. Ta sami 'yanci a 1968, fosfet ya sa ta shiga sahun masu kuɗin duniya a shekarun 1970, aka haƙe wajen kashi huɗu cikin biyar na ƙasarta ya zama tsirarun duwatsu da ba sa shukuwa, kuɗin kuma ya bi iska. Daga 2001 ta koma karɓar kuɗi tana tsare wa Ostireliya masu neman mafaka, yanzu har fasfo take sayarwa don ta sami abin mayar da mutanenta kan tudu. Duk wanda ya bi hanyar Bukur zuwa Barikin Ladi ya ga kududdufan da haƙar kuza ta bari a ƙasar Jos ya san irin wannan cinikin. A 2023 an koma haƙar neman mai a yankin tafkinmu cikin jihar Borno. Ba mu ƙi arziki ba. Amma ana neman abin da ke ƙarƙashin ƙasa a daidai lokacin da masu ƙasar suke gudun hijira, kuma wannan ya isa ya hana mutum barci.

Akwai asarar da ba ta shiga lissafin asusu. 'Yata ta fari a Gwagwa aka haife ta. Rannan uwarta ta aike ta sayen kifi, ta dawo da titus na ƙanƙara wanda ya keto teku daga wata duniya, don ya fi arha. Na tambaye ta bambancin karfasa da bargi, ta yi dariya ta ce duk kifi ne. Jikar mutumin da ke gane giwan ruwa daga motsin ciyawa! Ba ta san gura ba, ba ta san dumba ba, ba ta taɓa ganin shanun Kuri masu kumburarrun ƙaho suna iyo daga tumbu zuwa tumbu ba. Yaran Buduma da ke tasowa a sansani Hausa da Barbarci suke ji, harshen iyayensu yana tsinkewa. Tuvalu tun 2022 ta fara ɗaukar hoton tsibiranta da waƙoƙinta da labaran dattawanta tana adanawa a kwamfuta. Da farko na yi musu dariya, na ce ƙasa a cikin waya ai ba ta tsirar da rogo. Da muka binne dattijo na uku cikin shekara guda a nan Abuja, kowanne da taswirar tafki a kansa, na daina dariyar.

Masu girma, ga abin da muke roƙo.

Ku ba mutanen ruwa kujera a tawagarku. Daga cikin ɗaruruwan nan ku ware ko goma: masunci da mai banda daga tafki, Buduma, mutumin Bakassi, mutumin Ayetoro, mutumin Makoko, kuma a sa mata a ciki, don su ke banda su ke riƙe gida. Su yi magana da harshensu a fassara. In kun dawo ku shiga rediyo ku faɗa mana abin da aka yanke da sunanmu, da Hausa da Barbarci.

Ku gyara jawabin. Ku daina yi wa tafkin nan jana'iza yana raye. Ku faɗa wa duniya ruwa ne mai kai-komo wanda lissafinsa ya rikice, ku nemo kuɗin da ya dace da wannan ciwon. In kun nemi kaso daga asusun asara da ɓarna, wanda alkawuran farko da aka yi masa a Dubai wajen dala miliyan 700 ne kacal, ku goyi bayan ƙananan tsibirai a kan cewa a buɗe ƙofar da al'umma za ta nema kai tsaye. Kuɗin da ya bi ta ofis bakwai mun san yadda yake isowa.

Ku kai wa Hukumar Tafkin Chadi, wadda muka kafa tare da Nijar da Chadi da Kamaru tun 1964, buƙatar yarjejeniya rubutacciya a kan mutanen ruwa: kati ɗaya da masunci zai bi kifi da shi ba a kama shi a matsayin baƙo ba, haraji ɗaya sananne, da matsayin waɗanda aka haifa a garuruwan da suka sauya tuta. A gida kuma a ba da umarni bayyananne cewa duk wanda aka haifa a waɗannan garuruwa iyayensa 'yan Najeriya, a ba shi takardar asali. Wannan ba ya buƙatar dala ko ɗaya.

Kafin a tono ganga ɗaya ta mai a yankin, a zauna da masu wurin, har da mu da ke warwatse, a rubuta rabon al'umma da wanda zai gyara in an ɓata.

A zauren taro kuma, duk lokacin da ƙananan tsibirai suka tashi kare digiri 1.5, ko dawwamar ƙasashensu da iyakokin ruwansu, a ji muryar Najeriya a bayansu, ko da mu masu sayar da mai ne. Gemun ɗan'uwa ne ya kama wuta, ga Legas ga Bonny a bakin teku.

Na ƙarshe shi ne mafi gaggawa, don masu abin suna ƙarewa. A yi rajistar tsibiran tafki: sunan kowane tumbu, su wa suka kafa shi, ina maƙabarta, ina mashigin wane gida, ina hanyar shanu. Jami'ar Maiduguri tana da masu iya wannan aiki in an ba su abin aiki. Ba sai an jira tsaro ya samu ba, domin rabin masu sanin suna nan kusa da ku, tafiyar minti ashirin daga Sakatariyar Tarayya in babu cunkoso.

Kawu ma ya riga ku farawa. Yana da wani littafi mai bangon shuɗi da ya sha hayaƙin banda, a ciki ya rubuta da ajami sunan duk tumbun da ya taɓa kwana, da sarkin ruwan kowanne, da shekarar da ruwa ya ci shi ko ya sake shi. A leda yake naɗe shi ya cusa ƙarƙashin akwatin kuɗi. Ya ce in gaya muku yana rumfarsa kullum daga bayan asuba zuwa la'asar, ban da Juma'a. Ya ce wanda za ku turo ya zo da mai karanta ajami da abin ɗaukar hoto, don littafin ba zai bar hannunsa ba.

Wassalam.

Naku cikin girmamawa,
Wani malamin makaranta ɗan tumbu,
Gwagwa, Abuja.